Su Zauna Inda Ake Karanta Su

Madabo, Birnin Kano
4 ga Rabi'us Sani, 1373

Zuwa ga Yayana Nasir ɗan Ramadan, a Umdurman ta ƙasar Sudan.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wa. Ina fata kana lafiya, kai da Hawwa da Mustafa da ƙannensa. Mu nan lafiya lau, sai kewar Inna. An yi sadakar arba'in ranar Alhamis, ta'aziyyarka ta iso kan kari, na karanta wa dangi, kowa ya sa maka albarka.

Bayan haka, Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Jiya Ɗantani ɗan Kawu, wakilinka a nan, ya shigo gidan Baba da akwatin ƙarfe kore sabo fil. Na tambaye shi na mene ne, ya ce kai ka aiko a zuba littattafan Baba a ciki, a ɗora a motar alhazai ta ƙarshe kafin ruwa ya rufe hanya, a kai wa Mustafa, wai zai tafi Masar karatu. Na sa ya maimaita sau biyu, don na ɗauka kunnena ne.

Watakila ka manta abin da Baba ya faɗa, tun da ba ka nan. A gaban Malam Maharazu limamin unguwa ya faɗa, kwana uku kafin ya cika: "Littattafaina ba a raba su, ba a sayar da su. Su zauna inda ake karanta su." Bai ce su bi babban ɗa ba. Bai ce su bi namiji ba.

To a nan ake karanta su. Kana da shekara goma sha biyu ka bi ayarin Kawu zuwa gabas, ina da takwas. Ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Jirgin ƙasa ya kashe fataucin hamada, raƙuman Gadamas, garin da littattafan suka fito, suka daina zuwa, Baba ya zauna a ɗaki, idonsa ya fara tafiya. Ni ya zaunar a gefensa in zame masa ido. Na karanta masa fiƙihu da nahawu da rabon gado, da ɗan littafin nan na magani mai tabon man zaitun. In na yi tuntuɓe ya buga sandarsa a ƙasa, in koma baya. Aka yi mini aure lungu biyu daga gidan, ban fasa zuwa ba har ya rasu. Daga nan littattafan suka zauna a ɗakin Inna, su goma sha bakwai, kowanne cikin fatarsa. Duk Alhamis nakan ɗauko ɗaya in mayar da ɗaya. Mata goma sha huɗu ke zama a tsakar gidana da hantsi suna ɗaukar karatu, daga mai koyon baƙi zuwa mai biya fiƙihu.

Na je wa Malam Maharazu da maganar, ta bakin maigida. Ya ce ya tuna wasiyyar sarai, kuma ya san ina koya wa mata tsarki da salla, amma manyan littattafan nan shi bai taɓa jin muryata a kansu ba, ba zai shaidi abin da bai ji ba. Ta ina zai ji, akwai katanga tsakaninmu?

Ɗakin Inna yana nan yadda ta bar shi. Har tarkacenka na ƙuruciya suna bayan gadonta, ba ta taɓa bari a zubar ba. Waɗannan naka ne, in kana so in aiko. Littattafai kuwa ka rubuto wa Ɗantani ya mayar da akwatinsa kasuwa.

Allah ya bar zumunci. Ka gai da Hawwa.

Ƙanwarka,
Salma

*

Umdurman
22 ga Rabi'us Sani, 1373

Zuwa ga ƙanwata Salma, iyalin Malam Ilu maɗinki, a Madabo.

Bayan sallama da fatan alheri da addu'ar Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa Aljanna ce makomarsu, ina sanar da ke takardarki ta same ni cikin ƙoshin lafiya.

Da farko, ki gaya wa malamin da ke rubuta miki wasiƙa ya rage kaifin alƙalaminsa. Na san ba haka kika faɗa masa ba. Irin waɗannan malamai sukan ƙara gishiri don a ce sun iya.

Na biyu, ni ban manta da wasiyyar Baba ba, ita nake cikawa. Ke ba ki taɓa fita Ƙofar Nassarawa kin wuce Fagge ba, ni kuwa na ga ƙasashe. A nan Umdurman 'yan mata suna tafiya makaranta da littafi a hannu, rana tsaka. A Masar, na gani da idona, mai sayar da shayi yana karanta jarida. Abokan cinikinmu da ke zuwa daga Kumasi sun ce can yaro ɗan shekara goma yana rubuta wa ubansa takarda. Kano fa? Ɗantani yana cikin malaman da suka zaga gida-gida bara, suna ƙirga masu karatu don a buɗe ajin manya. Ya rubuto mini cewa a lungunku kaf, gida ashirin da biyu, ba a sami mace ɗaya da aka rubuta ta iya karatu ba, ko na boko ko na Larabci, alhali takardar tana da gurbin kowanne. A gidanku ma ba a rubuta kowa ba sai Ilu, shi kuwa mun san iyakarsa abin da zai yi salla. Wannan ba zancen baka ba ne, lissafi ne na hukuma, a rubuce.

Ban ce ba ki zauna kusa da Baba ba. Yarinya takan haddace abin da take ji, wannan abin yabo ne. Amma hadda daban, ilimi daban. Mustafa ya yi shekara goma sha ɗaya a makaranta mai benci da jarrabawa, yana da takardar shaida mai hatimi. Idan littattafan kakansa suka zauna a Madabo, gara ce za ta karanta su.

Na umarci Ɗantani ya ci gaba da shiri. Ki yi haƙuri, ki bi na gaba da ke, haka aka san 'ya'yan Ramadan. Zan aiko miki da turaren Sudan da mayafi ta hannun alhazai masu dawowa.

Wassalam.
Yayanki, Alhaji Nasir Ramadan

*

Madabo
15 ga Jimada Awwal, 1373

Zuwa ga Yaya Nasir.

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ka riƙe turarenka.

Malamin da ke rubuta mini wasiƙa ya ji saƙonka. Yana zaune a kan tabarmata, sanye da zanena, tawada ta ɓata masa ɗan yatsa, kuma ya ce a gaya maka yau ma bai rage komai ba.

Na fara da lissafinka na hukuma. Na sa aka kira Ɗantani, na ce ya gaya mini wace mace ya tambaya a lungun nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya Salma, ai ba ma shiga cikin gida. A soro muke tsayawa mu tambayi maigida." Na ce to me maigidan nan ya ce? Ya ce in tambaye shi da kaina.

Na same shi yana aikin wuyan riga. Na ce, "Malam, da bakinka ka ce babu mai karatu a cikin gidan nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "To me kike so in ce? Ga mai unguwa a zaune, ga Ɗantani, ga wani baƙo mai gajeren wando. In buɗe baki a soro in hau yabon iyalina? Shekara ashirin da bakwai ko sunanki ban taɓa ambata a soron nan ba."

Na ce, "Ba a ce ka yabe ni ba. Cewa aka yi ka ƙirga ni."

Ya ce, "A soro duk ɗaya ne."

Washegari na tambayi matan ajina, kowacce ta koma ta tambayi nata. Mijin Lauratu ya ce ya ji tsoro kada a ce ta riƙa fita tana koyarwa a waje. Mijin Ladi ya ce shi bai saba faɗa wa baƙo abin da ke bayan labulensa ba, ko akuya ce. Mijin Hasana ya fi kowa gaskiya, ya ce, "Na ji Ilu ya ce babu, shi da Malama ke ɗakinsa. Ni wane ne da zan ce akwai?" Ka ga yadda aka yi lissafinka. Kunyar maza aka ƙirga, aka rubuta ta a gurbin jahilcin mata, ta hau jirgin sama ta zo maka Sudan, kai kuma ka maido mini da ita da sunan hujja. Ban san yadda ake ƙirga na Masar da na Kumasi ba. Hasana dai ta zauna Kumasi shekara shida, ta ce yaran da kake faɗa suna rubuta Turanci, amma in takarda ta zo daga kakansu sai a kawo mata ta karanta.

Yanzu ga abin da umarninka ya haifar. Ranar Talata, ina gidan suna, Ɗantani ya karɓi mabuɗin ɗakin Inna. Yaron nan ya yi makarantar Midil, a ofis yake aiki, bai taɓa riƙe littafin da ba a ɗinke ba. Ka san littattafan Baba warƙoƙi ne, takardu sake, fatar ce kaɗai ke riƙe da su. Ya kwance fatun duka goma sha bakwai, ya ce sun cika wuri kuma suna wari. Ya ga ƙwaro ɗaya ya gilma, sai ya baza warƙoƙin a tabarma biyar a rana kamar mai shanyar barkono. Da la'asar ya tattara su, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ya danna a akwati. Na iso na tarar yana share gumi yana jiran yabo.

Na ce, "Ɗantani, ta yaya za a mayar da su?"

Ya ce, "Ai sai a bi lambar shafi."

Na ce ya nuna mini lambar. Ya ɗaga warƙa, ya juya ta, ya ɗaga wata. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya koma toka da sauri haka ba.

Warƙa ta fi dubu biyu, Yaya. Fiƙihu ya auri magani, nahawu ya kwana cikin rabon gado. Abin da ke akwatinka yanzu ba littattafai ba ne, tuli ne. Malam Maharazu ya zo ya gani ya yi salati, ya ce idonsa ba zai iya ba. Na ce a kawo mini akwatin gidana. Ya ce na aro ne, ba hukunci ba. Na ce na ji.

Ga warƙa ɗaya cikin ambulan ɗin nan, na kwafe ta kafin in saka. A ba mai takardar shaida mai hatimi ya karanta, ya gaya mini daga wane littafi ta fito.

Saura magana ɗaya. Na daɗe ina mamakin abin da ya sa ka tabbata wani ke rubuta mini. Jiya na buɗe ƙwaryar da nake ajiye wasiƙunka, talatin da ɗaya, tun na zamanin Baba. Hannu huɗu na ƙirga a cikinsu. Na daɗe da lura, ban taɓa tambaya ba, saboda kai wa ne. Yau na tambaya. Wanne ne naka a ciki?

Ka huta lafiya.

Salma 'yar Ramadan, da hannunta

*

Umdurman
9 ga Jimada Sani, 1373

Zuwa ga Gwaggona Malama Salma, Allah ya ƙara mata daraja.

Assalamu alaikum. Ni ne Mustafa. Ina durƙuso da gaisuwa, ina neman afuwa da na rubuto ba da sanin Baba ba. Ki yafe Hausata, a gida kawai nake yin ta.

Gwaggo, hannu na huɗu nawa ne. Ukun farko na malaman bakin kasuwa ne, biyu sun rasu. Tun ina shekara goma sha uku ni nake rubuta masa, ni nake karanta masa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Idan takarda ta zo daga Kano, Baba ba ya buɗe ta a gida. Yana kai ta rumfa, ya tara mutanenmu 'yan Kano da ke nan, a karanta a ji labarin gida. Takardarki ta farko na riga na duba, na tsallake wurare. Wannan kuwa a gabansu ya miƙo mini ita a rufe. Mutum biyar ne a zaune. Sun yi dariyar maganar soro har ɗaya ya ƙware da shayi, Baba ma ya murmusa. Ina cikin jin daɗin karatun, ban ankara ba sai da tambayarki ta fita daga bakina. Baba ya tashi ya sa takalmi ya fita. Shekara talatin mutanen nan suna kawo masa takardunsu, yana riƙewa ya duba ya ce idonsa na ciwo, a ba yaro. Ina jin wasunsu sun sani. Amma ba a taɓa faɗa ba.

Kwana tara bai yi mini maganar ba. Ran na goma ya ce, "Ni allona ban gama ba aka ɗora ni a jaki. Ita aka zaunar."

Game da warƙar. Na yi kwana uku a kanta. Wasiƙunki ma da ƙyar nake haɗa su, alhali kina sa wasali. Wannan babu wasali, hannun mutanen yamma ne, a cunkushe, ga ƙananan rubutu sun kewaye gefe. Mu a makaranta bugun inji muka saba. Na fitar da layi huɗu, na gane ana maganar ruwa. Na kai wa malaminmu na Larabci, wanda ya yi karatu a Masar, ya ce zai iya in an ba shi lokaci, ya maido mini bayan mako, shi ma bai gano ba. Ban san daga wane littafi ta fito ba. Ga ta na maido.

Abin da Baba ya faɗa na ƙasashe gaskiya ne, amma rabi. A ajinmu mu talatin ne, ashirin da shida iyayensu ma'aikata ne ko malamai, sun taso da takarda a gida. Ni ina cikin huɗun da suka rage, kuma na sha wuya kafin in kamo su. Mutanenmu da ke tsinkar auduga a gonakin Jazira, 'ya'yansu ba su taɓa ganin benci ba. A Masar ma, mai shayin da Baba ya gani a birni yake. Malaminmu ya ce a ƙauyensu dangwale ake yi da babban yatsa.

Baba yana son littattafan ne don a ce daga gidansa aka sami mai karanta su. Ban ga laifinsa ba. Bai janye umarninsa ba, kuma ni ba zan iya sa shi ba. Ɗantani ya rubuto cewa motar za ta tashi ƙarshen Sha'aban.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Mustafa Nasir

*

Madabo
17 ga Rajab, 1373

Zuwa ga ɗana Mustafa.

Na amsa gaisuwarka, Allah ya yi maka albarka. Hausarka ta fi ta Ɗantani. Warƙar daga babin rijiya ce, a fiƙihun Baba babba, inda ake maganar abin da ya faɗa ciki ya mutu. Layi huɗu a hannun Gadamas ba tare da malami ba, ba abin kunya ba ne.

Wannan takardar ka karanta wa ubanka a ɗaki, ku biyu, ƙofa a rufe. Kada ka tsallake komai.

Yaya, ban san a rumfa ake karanta ni ba. Da na sani da na tambaye ka abin da na tambaya, amma ba a can ba. Ni da nake faɗa da maza don sun yi magana a kaina a soro, sai ga shi na tsaya a naka soron na kwance maka rawani. Ka yafe mini wannan.

Ga labarin akwatinka. Mun fara ran biyu ga Jimada Sani, mun gama shekaranjiya. Magabata sukan rubuta kalma ɗaya a gindin kowace warƙa, ita ce kalmar da za ta buɗe warƙar da ke biye. Da ita ake bin sawu. Sai dai kalma ɗaya tana iya buɗe warƙa hamsin, don haka dole mutum ya san abin da littafin ke faɗa. Na raba aikin. Lauratu da Hasana suka ɗauki nahawu, Ladi ta ɗauki waƙoƙin yabo tana rerawa tana jerawa, ni na riƙe fiƙihu da gado. Muka danne kowane tuli da dutsen niƙa da murfin tukunya saboda iska.

Ka san wadda ta fi ba ni mamaki? 'Yardada mai man gyaɗa. Lauratu 'yar malamai ce, uwarta na karatu, kakarta na karatu, cikin shekara biyu ta wuce inda nake zato. 'Yardada kuwa a gidansu ba a taɓa ajiye ko tawada ba. Tana da shekara talatin da biyar ta zo mini, yau shekararta tara, har yanzu da yatsa take bi. Ba ƙwaƙwalwa ce ta bambanta su ba, na gwada su na sani. Ɗaya ta tarar da hanya a share, ɗaya ita ke sara. To wannan mai bi da yatsa ita ta raba mana hannun makwafa, waɗanda suka rubuta littattafan. Ta ce, "Malama, wannan mai rowar tawada ne, wancan kuwa wutsiyarsa na jan ƙasa." Ta ware su tuli-tuli tun ba mu karanta ba, ta rage mana aikin wata guda. Na ce ta wanke hannu dai kafin ta taɓa, littafin magani ya riga ya sha mai tun a Gadamas.

Ana cikin haka Malam Maharazu ya ce zai zo ya ji. Aka shimfiɗa masa buzu a soro kusa da maigida, aka saki asabari. Ya sa aka miƙo masa tulin gado, ya zaro warƙa daga tsakiya, ya karanto layin ƙarshe da ƙyar. Na ɗora masa daga nan har ƙarshen babin, na gaya masa inda makwafin ya tsallake layi Baba ya cike a gefe. Ya zaro ta biyu, na ce Lauratu ta amsa. Ta amsa. Ya ce, "Shekara ashirin ina limanci a unguwar nan, ban san da wannan ba."

Na ce, "Ba ka tambaya ba, Malam."

Ya ce, "Wa zan tambaya?"

Na ce, "Ga shi nan kusa da kai."

Maigida ya yi tari. Washegari ba wanda ya aike shi, ya sa babbar riga ya tafi wurin mai unguwa, ya sa aka kira Ɗantani da takardarsa. Ɗantani ya ba ni labari. Wai maigida ya tsaya yana kallon rufin soro ya ce, "A gyara. A gidana akwai mai karatu ɗaya, kuma ba ni ba ne." Bai faɗi suna ba. Na bar masa wannan, mutum ba ya sauya fata rana ɗaya.

Littattafai goma sha bakwai sun koma fatunsu. Warƙa uku ba mu gani ba, ina zargin akuyar maƙwabta. Liman ya ce yanzu ya ji da kunnensa kuma zai shaida, amma ba zai sa ƙanwa ta ƙwace abu daga hannun wa ba, sai kai ka saki da bakinka. In ba ka rubuto ba, ƙarshen Sha'aban zai bar Ɗantani ya ɗauka. Na ce masa wannan ba ita ce wasiyyar ba. Ya ce ya sani.

Saboda haka magana tana wurinka, kuma ba zan roƙe ka ba, don gaskiyata ce. Abu ɗaya zan ƙara, wanda ya kamata in faɗa tun a takardar farko. Shekarun nan da nake zaune gefen Baba ina karatu, gidan ba shi da ciniki. Hatsin da na ci, kai ka aiko. Takardar da na koyi rubutu a kanta, daga cikin kayanka ta fito. Baba ya sani. Ya taɓa dakatar da ni a tsakiyar babi ya ce, "Wannan karatun na mutum biyu ne, ɗayan yana kan hanya." A lokacin ban gane ba.

Mustafa kuwa, in yana son littattafan kakansa, ƙofa a buɗe take. Ya zo kafin Masar ko bayanta. Zan zaunar da shi kusa da 'Yardada, ta nuna masa hannun makwafa.

Ku gai da Hawwa. Allah ya sada mu da alheri.

Salma

*

Umdurman
8 ga Sha'aban

Salma.

Ina gaishe ki. Wannan hannuna ne. Mustafa bai taɓa ba, ya dai nuna mini. Kwana shida na yi.

A gaya wa Liman na saki. Su zauna.

Abin da Baba ya ce na mutum biyu, da gaske ya faɗa, ko kin ƙara gishiri?

Nasir

*

Madabo
25 ga Sha'aban, 1373

Zuwa ga Yayana Nasir, da gaisuwa mai yawa.

Ya faɗa. A babin rijiya ne ma, wata ranar Laraba. Ni ba na ƙara gishiri, ka san da yaji nake aiki.

Na kai wa Liman takardarka. Na ƙirga kurakurai tara a ciki, ban gyara ko ɗaya ba. Tana cikin fatar fiƙihun Baba, a saman warƙar farko.

Motar alhazai za ta tashi jibi, kuma akwatinka kore yana ciki, don na ga bai kamata ya tafi fanko ba. Na sa maka daddawa da kuka da hula biyu aikin maigida. A ƙasa, cikin zanen Inna, akwai allonka. A bayan gadonta na same shi. Shekara talatin da shida ba ta bari an wanke shi ba, rubutunka yana nan, ya tsaya a tsakiyar layi na biyar.

Ka ɗora daga nan. Turaren kuma ka aiko.

Ƙanwarka,
Salma